Abubuwa 23: Yadda Ma'aikatan Wani Laburare Suka Koyi Aiki da Intanet

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa zai kai mu nesa, har ƙasar Amurka, wurin ma'aikatan wani laburare, wato ɗakin karatu na jama'a. Na san wani zai ce, "Me ya haɗa mu da su, mu da ko cajin waya sai mun biya mai janareta?" Ku yi haƙuri ku biyo ni. Mutanen nan sun gamu da abin da yake samun kowane babba idan aka miƙa masa sabon kayan aiki bayan hannunsa ya riga ya saba da tsoho. Hanyar da suka bi kuma ba ta da wuyar kwaikwayo. Zai fi kyau a karanta darasin cikin ƙungiya, mutum ɗaya yana karantawa da ƙarfi, ana tsayawa ana tattaunawa.

Yadda matsalar ta taso

A Amurka kusan kowane gari yana da laburare. Da kuɗin haraji ake gudanar da shi, kowa kuma yana iya shiga ya karanta ko ya ari littafi kyauta. Daga shekarar 1997 gidauniyar Bill Gates ta shiga saka kwamfutoci da intanet a irin waɗannan ɗakunan karatu, musamman a unguwannin talakawa. Saboda haka wanda ba shi da kwamfuta a gida, laburare yake zuwa idan yana neman aiki, ko zai cika takardar gwamnati, ko zai aika wa ɗansa saƙo. In ya kakare, ma'aikacin da ke zaune a tebur zai tambaya.

Da farko intanet kamar allon sanarwa take. Kamfanoni da hukumomi su ne suke liƙa abu, sauran jama'a su karanta. Amma cikin 'yan shekaru abin ya juya. Wikipedia, kundin sani da kowa yake iya rubutu a ciki, ya fito a 2001. Flickr, wurin ajiye hotuna da nuna su, ya fito a 2004. YouTube ya fito a 2005. Facebook, wanda da na ɗalibai ne kawai, ya buɗe ƙofa ga kowa a watan Satumba 2006, Twitter ma a wannan shekara ya fara. Yanzu kowane mutum yana iya rubutu, ya saka hoto, ya yi magana duniya ta ji. Waɗannan ne muke kira kafofin sada zumunta a yau.

Ku duba halin ma'aikaciyar da ta yi shekara 20 tana aiki. Ta san inda kowane littafi yake ko da an ɗauke wuta. Sai yaro ɗan shekara 14 ya zo ya ce ta taimake shi ya saka hoto a shafinsa, ita kuwa ba ta taɓa ganin shafin ba. Abin da yake biyo baya mun san shi, domin hali ne na ɗan Adam. Babban da ya ji kunya a gaban yaro, ko dai ya ce abin banza ne, ko ya ce an hana, ko ya riƙa kauce wa wurin da kwamfutocin suke. Wanda yake asara shi ne mai neman taimako, musamman tsoho ko talakan da ba shi da wani wurin zuwa.

A birnin Charlotte, cikin jihar Karolina ta Arewa, akwai laburaren da yake hidimar birnin da gundumar Mecklenburg. A lokacin yana da rassa fiye da 20 da ɗaruruwan ma'aikata. Wata mata mai suna Helene Blowers ita ce take kula da sashen fasaha domin hidimar jama'a. Hanyar da aka saba ita ce a kira ma'aikata aji, malami ya tsaya a gaba ya koyar. Amma mutane sun yi yawa, rassa sun warwatsu, ba a kuma iya rufe tebur a ce kowa ya tafi bita. Abin da ya fi wannan ma, sababbin shafuka suna fitowa da sauri, kafin a gama shirya darasi a kan ɗaya, wasu biyu sun fito.

Shirin mako tara

A farkon 2006 wani masanin harkar laburare ɗan Kanada, Stephen Abram, ya rubuta maƙala inda ya jera abubuwa 43 da ma'aikaci zai iya gwadawa a intanet cikin shekara. Blowers ta ɗauki wannan tunani ta rage yawan zuwa 23, ta raba su cikin mako tara. An fara a watan Agusta 2006. Sunan shirin da Turanci Learning 2.0, amma sunan da ya bi shi duniya shi ne 23 Things, wato Abubuwa 23.

Babu aji, babu malami a gaban allo. Kowane mako ana saka ƙananan ayyuka biyu ko uku a wani shafi, tare da gajeren bayani, wani lokaci da ɗan saƙon murya. Ma'aikaci zai karanta, ya gwada da hannunsa, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani. Ba a tilasta wa kowa shiga ba.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne makon farko. Ba a fara da kowane sabon shafi ba. An fara da darasi a kan halayen mutumin da ba ya daina koyo har tsufansa, wanda wata mai horar da ma'aikata a laburaren, Lori Reed, ta shirya. Halayen bakwai ne da rabi. Daga ciki akwai sanin inda ka dosa tun kafin ka tashi, da yarda cewa koyonka nauyinka ne ba na shugabanka ba, da ɗaukar matsala a matsayin abin da za a warware maimakon dalilin dainawa, da koya wa wani abin da ka iya. Rabin na ƙarshe kuwa kalma ɗaya ce: wasa. Aka ce kowa ya faɗi halin da ya fi masa sauƙi da wanda ya fi masa wuya.

A mako na biyu kowa ya buɗe bulog nasa, wato shafin da mutum yake rubuta abin da ke ransa kamar littafin tarihin kwanaki, amma wasu suna iya karantawa su yi sharhi a ƙasa. Wanda yake jin kunya an yarda ya yi amfani da sunan aro. Wannan bulog shi ne littafin aikinsa har ƙarshen shirin. Mako na uku na hotuna ne a Flickr. A na huɗu suka koyi wata dabara mai suna RSS, wadda take tattaro sababbin labarai daga shafuka da yawa ta kawo maka wuri ɗaya, kamar mai kawo jarida har ƙofar gida. Mako na biyar an sa masa suna makon wasa. A ciki suka yi hotunan ban dariya, suka kuma jera littattafan gidajensu a wani shafi mai suna LibraryThing.

Daga nan suka koyi liƙa wa shafuka kalmomin alama domin a same su daga baya, kamar yadda mai shago yake rubuta suna a jikin buhu. Suka koyi wiki, shafin da mutane da yawa suke rubutawa tare kowa yana gyara na wani, irin aikin gayya. An buɗe musu wani wiki na gwaji, inda babu laifi ko mutum ya ɓata. Suka gwada rubuta takarda a intanet ba tare da ajiye ta a kwamfuta ɗaya ba. A makon ƙarshe suka shiga YouTube, suka nemi shirye-shiryen sauti da ake saukewa a saurara lokacin da aka ga dama, suka kuma koyi sauke littattafan da ake karantawa da murya. Abu na 23 shi ne mutum ya zauna ya rubuta abin da ya koya da abin da bai gamsar da shi ba.

Duk wanda ya gama an ba shi ƙaramar na'urar sauraron sauti ta MP3, an kuma yi ƙuri'a a kan kwamfutar tafi-da-gidanka. Ku lura, kyautar ma kanta kayan aiki ce, domin da ita mutum zai saurari littattafan da ya koyi saukewa.

A tsaya nan a tattauna. A cikinmu wa ya taɓa jin kunyar tambayar yaro yadda ake yin wani abu a waya? Me ya yi daga baya? Cikin halayen da aka ambata, wanne ya fi wuya ga mai shekara 50?

Me ya sa hanyar ta yi aiki

Bari in kwatanta da abin da muka saba. Na taɓa zuwa bitar kwamfuta ta kwana uku a birni. Mu wajen 40 ne, kwamfutoci ba su kai 10 ba. Malamin ya iya aikinsa, ya yi ta magana tun safe har yamma, muna rubutawa. Ranar ƙarshe aka ba mu takardar shaida da kuɗin mota, aka ɗauki hoto. Bayan wata biyu na zauna gaban kwamfuta a wani shagon intanet, ko akwatin imel ɗina na kasa buɗewa. Takardar shaidar tana nan cikin akwati har yau. Ba laifin malamin ba ne. An zuba mana buhu guda a cikin kwano, abin da ya zauna kaɗan ne.

Shirin Charlotte ya bi akasin wannan. Na farko, kaɗan-kaɗan ake ba mutum, kuma akwai kwanaki tsakanin wannan aiki da na gaba, har abin ya zauna. Na biyu, hannun mutum ne a kan kayan, ba na malami ba. Wanda aka nuna wa hanya daga cikin mota ba ya gane ta kamar wanda ya taka da ƙafa ya ɓata sau ɗaya ya dawo.

Amma a ganina abin da ya fi ƙarfi shi ne rubutun da kowa yake yi a fili. Idan ma'aikaciya a wani reshe ta rubuta cewa ta yi awa guda ba ta gane RSS ba, wani a reshe mai nisa zai karanta ya ce ashe ba ni kaɗai ba ne. Wata kuma za ta rubuta mata a ƙasa, ga inda za ki danna. Ta haka kunya take raguwa. Rashin sani ya daina zama abin ɓoyewa, ya zama abin da kowa yake ciki tare. An kuma shirya abin da gangan domin ma'aikata su nemi taimako wurin juna kafin su nemi masu shirin. Sau da yawa ƙaramin ma'aikaci shi ne ya iya, sai babba ya ja kujera ya zauna kusa da shi.

Batun wasa kuma kada mu raina shi. Yaranmu sun fi mu iya waya ba don sun fi mu ƙwaƙwalwa ba. Su ba sa tsoron dannawa. Babba kuwa yana ganin in ya taɓa wuri ɗaya komai zai goge, ko kuɗinsa su tafi. Da shugabannin laburare suka ce a fili an yarda ka yi wasa da abin nan a lokacin aiki, sun cire wannan tsoro. Na taɓa ganin kwamfutar da aka ba wata makarantar ƙauye kyauta. An lulluɓe ta da zane, an kulle ɗakin, mabuɗin yana hannun shugaban kwamiti, shi kuma ya yi tafiya. Ta shekara biyu ba ta lalace ba, ba ta kuma koya wa kowa komai ba.

Kada in sa ku ɗauka shirin ba shi da rauni. Ba duk waɗanda suka fara ba ne suka gama, a Charlotte da sauran wuraren da aka yi shi. Daga 2009 wasu masana biyu, Michael Stephens da Warren Cheetham, sun binciki ma'aikatan da suka yi shirin a Ostareliya. Ribar da mutane suka yi ta ambata ita ce ƙarfin zuciya wajen gwada sabon abu. Cikin cikas da suka ambata kuwa akwai rashin lokaci da rashin goyon bayan shugabanni. Wannan gaskiya ce da ya kamata kowane kwamiti ya ji. In aka ce wa mutum ya koya da kansa amma ba a rage masa aiki ko na rabin awa ba, an ɗora masa kaya ne kawai. Wanda yake da kwamfuta da intanet a gida zai gama da dare, wanda ba shi da su sai ya tsaya a hanya, a ce malalaci ne.

Kayan sun mutu, hanyar ta rage

Ga wani abu da ya kamata mu yi tunani a kai sosai. Da yawa daga cikin shafukan da ma'aikatan nan suka sha wahalar koya a 2006 babu su yau. Bloglines, wanda suka yi amfani da shi wajen tattaro labarai, ya rufe. Rollyo ya rufe. Technorati ya daina aikin neman bulog a 2014. Delicious, wurin liƙa kalmomin alama, ya yi ta canja hannu har a 2017 aka daina karɓar sabon abu a cikinsa. Twitter, wanda wasu ɗakunan karatu suka ƙara cikin jerinsu daga baya, ya koma X a 2023. YouTube da Flickr da LibraryThing suna nan, amma kamanninsu sun canja ƙwarai.

To, wahalar banza suka yi? Idan abin da suka koya shi ne danna nan sa'an nan danna can, lalle ya tafi tare da shafukan. Amma wanda ya buɗe asusu a shafuka goma, ya manta kalmar sirri ya nemo ta, ya ɓata ya gyara, ya riga ya san yadda irin waɗannan abubuwa suke tafiya. In sabo ya fito gobe, ba zai jira a kira shi bita ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne mu riƙa rubuta wa dattawa matakai a takarda su haddace. Ranar da kamfanin ya matsar da maɓalli daga dama zuwa hagu, takardar ta zama shara.

Hanyar ta rayu kuma domin Blowers ba ta riƙe ta a hannu ba. Ta sake ta a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wato izini a rubuce cewa kowa yana iya kwafa ya gyara daidai da bukatarsa, muddin ya ambaci inda ya samo. Cikin 'yan shekaru ɗaruruwan ɗakunan karatu a ƙasashe dabam-dabam suka ɗauka. Jihar Victoria ta Ostareliya tana cikin na farko a wajen Amurka. Jihar Minnesota ta yi nata a 2008. Ma'aikatan laburare na jami'o'in Oxford da Cambridge a Ingila sun yi nasu a 2010. A 2013 aka fito da wani daga ƙasar Denmak wanda ya koma kan wayar hannu gaba ɗaya. Kowa ya zubar da abin da ya tsufa ya saka abin da mutanensa suke bukata.

A nahiyarmu ma ma'aikatan laburare ba su zauna ba, ko da yake hanyarsu dabam ce. A 2012 laburaren yankin Volta a Gana ya fara ɗaukar kwamfutocin tafi-da-gidanka cikin motar littattafai zuwa makarantun karkara, ana cajinsu da hasken rana, domin yaran da za su rubuta jarrabawar kwamfuta su taɓa ta da hannunsu. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Afirka, AfLIA, wadda aka kafa a 2013 mai hedkwata a Akra, ta ware mako guda a watan Mayu 2020 inda ma'aikatan laburare daga ƙasashe da yawa suka shiga Wikipedia suna ƙara hujjoji a maƙalolin da suka shafi Afirka. Wannan ya biyo bayan wani yunƙuri da aka fara a 2016, mai cewa kowane ma'aikacin laburare ya ƙara hujja ko da guda ɗaya ce. Dabarar iri ɗaya ce: ƙaramin aiki, da hannunka, tare da 'yan'uwa.

Abin da jerin farko bai ƙunsa ba

A 2006 mutane suna cikin murnar sabon abu. Jerin Charlotte ya koyar da yadda ake shiga da yadda ake sakawa, bai ware ko abu ɗaya a kan labarin ƙarya ko damfara ba. Yau duk wanda zai shirya irin wannan jeri dole ya sa su gaba.

Da yawa daga cikinmu sun tuna watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola a Nijeriya. Cikin dare ɗaya saƙo ya zaga wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'yan'uwansu da tsakar dare saboda ƙauna, ba mugunta ba. Wasu sun kwanta asibiti, wasu sun rasa rayukansu. Irin wannan ne ya sa WhatsApp ya fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri a 2018, a 2019 kuma ya taƙaita tura saƙo ɗaya zuwa wurare biyar a lokaci guda. Amma alama ba ta da amfani ga wanda ba a nuna masa ma'anarta ba.

A nan ne aikin mai kula da littattafai yake da daraja. Tun kafin a yi intanet, sana'arsa ita ce tambayar wa ya rubuta wannan, yaushe, kuma daga ina ya samo. Tambayoyin nan uku ba su tsufa ba. Sai dai a ɗauke su daga bangon littafi a kai su kan saƙon waya.

A sake tsayawa a tattauna. Wane saƙon ƙarya ne ya taɓa zagawa a garinmu? Wa ya fara gane cewa ƙarya ne, kuma ta yaya? In tsohuwa ta sami saƙon da ya tsorata ta, wurin wa take zuwa?

Mu fa, yaya za mu yi

Ba mu da rassa 20, amma muna da masu wannan aiki ko da ba a kira su da sunan ba. Akwai mai riƙe da mabuɗin kabad ɗin littattafai a majami'a ko a makarantar firamare. Akwai malamar yaƙi da jahilci, da sakataren ƙungiyar manoma, da ma'ajiyar zumuntar mata. Su ne ake kai wa wasiƙa su karanta, su ne kuma yanzu ake miƙa wa waya a ce duba mini wannan. In su ba su iya ba, mutane za su koma wurin duk wanda suka samu a tasha ko shagon caji, su ba shi waya da lambar sirri gaba ɗaya.

Shawarata ita ce mutum biyar zuwa takwas su haɗu, kada su wuce haka. Ba lalle sai abubuwa 23 ba. Goma sun isa, ɗaya kowane mako, kuma a zaɓi lokacin rani, domin da damina babu mai lokaci. Ku zauna ku jera abubuwan da kanku bisa ga tambayoyin da mutane suke kawo muku. A fara da masu sauƙi: kulle waya da lambar sirri, ajiye lamba da suna, aika saƙon murya, wanda yake taimakon marasa karatu ƙwarai. Sa'an nan ɗaukar hoto mai kyau, misali na ganyen masara da tsutsa ta ci, a kusa kuma cikin haske, domin a aika wa malamin gona.

Daga nan a shiga nema. A gwada rubuta tambaya da Hausa a Google a ga abin da zai fito. A buɗe Wikipedia ta Hausa a nemi sunan garinku ko ƙaramar hukumarku, a duba ko abin da aka rubuta daidai ne. A nemi hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara. Masu koyar da yara su shiga African Storybook, shafin da aka buɗe a 2014 daga Afirka ta Kudu, inda akwai ƙananan littattafan yara masu hotuna da harsunan Afirka da yawa har da Hausa, kyauta. Mutum ɗaya yana iya saukewa ranar kasuwa inda sabis yake da ƙarfi, ya dawo ya raba wa sauran ta Bluetooth ba tare da an ƙona data ba. Mai kabad ɗin littattafai kuma ya koyi jera sunayen littattafansa a waya, da sunan wanda ya ara da ranar da zai mayar. Na san kabad da yawa da suka zama fanko saboda rashin wannan kaɗai.

A ware mako biyu cikakku domin tsaro. A ɗaya kowa ya kawo saƙon da aka turo masa, a yi masa tambayoyin nan uku tare. A ɗayan a yi maganar damfara. Banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirrin katinsa ko lambar da aka turo masa ta saƙo. Wanda ya ce ka karanta masa lambobi shida da WhatsApp ya turo maka, ko da ya ce sunanka zai sa a wani taro ko jerin masu karɓar tallafi, asusunka yake so ya ƙwace, daga nan ya shiga roƙon kuɗi da sunanka. Kowa ya kunna kariya ta biyu a WhatsApp a wurin zaman, kada a ce sai an koma gida. A kuma yi yarjejeniya cewa ba a saka hoton yaro, ko mara lafiya, ko mai karɓar taimako sai da izini.

Maimakon bulog, a sayi littafin rubutu guda ɗaya na ƙungiya, ko a buɗe zauren WhatsApp in kowa yana da babbar waya. Kowane mako kowa ya rubuta layi uku: abin da na gwada, inda na kakare, wanda ya taimake ni. A karanta su da ƙarfi a farkon zama na gaba. Shugaba shi ne zai fara karanta nasa, ya kuma faɗi inda ya kakare ba tare da ɓoyewa ba, in ba haka ba sauran ba za su buɗe baki ba.

Ku gayyaci matasa biyu su taimaka, amma da doka ɗaya: mai taimako ba ya karɓar wayar. Ya sa hannuwansa a baya ya yi bayani da baki, mai wayar ya danna da kansa ko da zai ɗauki minti goma. Kwamiti ya ware kuɗin data da na caji tun farko, kada a bar wa mutum ya cire daga kuɗin cefane. A kula da mata musamman, domin a gidaje da yawa babbar wayar tana aljihun maigida, shi kuma yana gona ko kasuwa. A yi magana da mazajen tun kafin a fara, a kuma sa lokacin da ba na girki ba.

A zaman farko kada a kunna waya ko ɗaya. A zauna a zagaye, kowa ya faɗi wani abu da ya koya bayan ya girma, ko ɗinki ne, ko tuƙa babur, ko haɗa takin gargajiya, ya faɗi wanda ya koya masa da kuskuren da ya yi a ranar farko. Sakatare ya rubuta sunayen waɗanda suka zo da irin wayar da kowa yake da ita, a tsayar da rana da wurin zama na biyu kafin a tashi.